Karen da Inna Ta Ceta

Ina tsakiyar karanta littafina, daidai inda masoya za su rabu, sai na ji kukan kare a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure. Samarin unguwa ne da sanduna, sun ɗaure wani ramammen kare da ke yawo a bakin kanal ɗin ban ruwa. Wai ba shi da ubangida, gara a kashe shi tun bai haukace ba.

Tausayi ya kama ni, amma Inna, surukata, na zaune, kunya ta hana ni magana.

Sai Inna ta dogara sandarta ta fita.

"Ku kwance shi, ɗiyana."

"Inna, kare ne fa," in ji ɗaya daga cikin samarin.

"Na sani. Ranar da dam ɗin Bakolori ya tashe mu, motar kaya ba ta ɗauki karenmu ba. Ina yarinya, ina kallo yana bin mu da gudu har ya gaza. Wanga ba a barin shi."

Suka kwance shi. Yanzu yana gadin gonar shinkafar maigidana. Kullum Inna na ware masa ƙanzon tuwo.

Ashe wani tausayin yakan tsufa a zuci yana jiran ranarsa. Ku fa, me tsofaffinku suka baro a baya da har yau suke waiwaye?