Na kai ɗan tauri Sokodé a yanka shi

Ana sallame sallar asuba muka bar Dapaong, ni da yayana, a cikin motar shanu, don yajin aiki ya tsayar da motocin haya. Yayan nan nawa ɗan tauri ne, duk kasuwar shanu an san ƙarfe ba ya kama shi. Ranar da zanga-zangar neman zaɓe ta ɓarke kowa ya ranta a na kare, shi ya tsaya yana tura ƙirji, sai wani abu ya fashe a gabansa ya ji masa rauni a ƙirji. Raunin ya rufe, amma kwana tara yana tarin jini yana ce mana mura ce.

Daga Tandjouaré zuwa Mango shinge biyar muka tarar, wani na soja, wani na 'yan zanga-zanga. Ko'ina sai in ce mara lafiya na ɗauko, shi kuma ya daka min tsawa: "Wane ne mara lafiyar?" Tari ya amsa musu. A Kara muka ci sakwara da wagashi, wato cuku. Loma biyu ya yi ya ajiye, mutumin da ke tashi da kwano uku. A nan tsoro ya kama ni sosai.

A Sokodé muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu a Komah. A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirji ya nuna mana wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a cikin huhu, ya ce sai an buɗe.

"Dokta, kar ka ɓata wuƙarka," in ji yayana. "Ba ta shiga."

Awa uku aka yi ana aikin, ina zaune kan benci ina jan carbi. Da ya farka aka miƙo masa abin cikin auduga, ashe tsinin kwalba ne. Ga roba a haƙarƙari, ga ɗinki ya kai taƙi guda, ya ce da ni a hankali: "Ka gani? Ba ƙarfe ba ne."

Bayan mako biyu muka dawo gida, mahauta da dillalai suka cika zaure ana ta jinjina masa. Ba wanda ya tambayi da me aka yanka shi, ni ma na ja bakina. Tafiyar nan ta koya min ba kowace gardama ake son ci ba. Ya yi ta cika baki har la'asar, ni ko numfashinsa kawai nake saurare, bai yi tari ko sau ɗaya ba.