Ramuka a Kudancin Khumra

Yanzu tsufa ya kai ni inda sai in ajiye carbina in yi ta nemansa, amma abin da ya sami mutumin tsibirin nan da matarsa yana nan daram a raina, kuma da shi za a kai ni kabari.

A lokacin ni saƙƙa ne, wato ɗan ga-ruwa, a unguwar Ruwais. A Jidda aka haife ni. Kakana ne ya tako daga ƙasar Hausa ya zo hajji, bai koma ba. Garwa biyu a sanda, daga famfo zuwa gidajen mutane, shi ne abincina.

Ɗaki suka kama a gidanmu, shi da matarsa, 'yan sirara, baƙaƙe kamar mu amma gashinsu a kwance. Da guntun Larabcinsa ya ce daga Maldib suke. Na ce ina ne kuma nan? Sai ya watsa tsakuwa a faranti mai ruwa, ya ce haka ƙasarsu take: ƙananan tsibirai barkatai a tsakiyar teku, ba dutse, ba kogi, ba tudun da ya kai tsayin raƙumi. Maza su kama kifi, a dafa, a busar har ya yi tauri kamar itace, a sayar wa mutanen ƙasar Silon. Mata su murza igiya da ɓawon kwakwa. Matar ta taɓa ba maiɗakina kifin nan, saura kaɗan ya fasa mana turmi. Har cewa ya yi kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a gaɓarsu ake tsintarsa. Na ce, "Ashe ku ne attajiran, kuka ɓuya a gidan saƙƙa!"

A can, in ji shi, ba a cika ɗaure mai laifi ba. Ɗauke shi ake yi a ajiye a wani tsibiri mai nisa, ya zauna cikin baƙi sai yadda hali ya yi. Haka aka yi masa don ya ja da wani mai mulki a kan farashin kifi. Da ya samu ya zo hajji, sai ya ƙi komawa.

Wata rana na tambaye shi me suke sha, tunda babu kogi. Ya ce a tsibirinsu duk inda ka tsuguna ka tona yashi da hannu, kafin ka kai gwiwar hannu ruwan daɗi ya tsatso, ga teku kuwa kana kallo. Na ce, "Allah Ya raba ni da garinku, da yunwa ta kashe ni." Muka yi ta dariya. Dariyar nan har yau tana ci mini rai.

Shekarar da alhazan ƙasarsu suka kawo labarin an daina sarauta an koma jamhuriya, mutumin nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Gida kawai yake so. Takardunsa sun daɗe da mutuwa, don haka ya shirya da wani mai jirgin ruwa na katako da zai bi ta Adan, a kan su haɗu a wata gaɓa can kudu da Khumra, a bayan garin Jidda, inda babu mai tambayar takarda. Wani direban lori, maƙwabcinmu, zai sauke su a ƙarshen hanya, su ƙarasa da ƙafa. Tsakiyar zafi ne, irin wanda ke narka kwalta.

Na cika salka fal na miƙa masa. "Ya Hajji, riƙe wannan. Can babu moya, wallahi babu ruwa."

"Ya akhi, bakin teku ne fa. Kuma ga kaya."

"Ba irin bakin tekunku ba ne. Na haɗa ka da Allah ka ɗauka."

Ya yi murmushi ya karɓa da hannu biyu. Mutanensu ba sa musu da mai masauki.

Bayan 'yan kwanaki maiɗakina ta shiga share ɗakin, sai na ji ta ƙwala mini kira: "Maigida, zo ka gani!" Salkar ce rataye a bayan ƙyaure, ko kurɓi ba a yi ba. Na saɓa ta, na je na sami direban nan na ce, "Yalla, tada mota, mutanen nan babu ruwa."

Inda hanya ta ƙare muka sauka muka bi gaɓa. Ba sai mun nemi sawu ba. Ramuka ne a jere, na farko 'yan ƙanana, gaba kuma suna ƙara zurfi, wani har ya kai ƙugu. Na ɗanɗana ruwan da ya taru a ɗaya: gishiri har da ɗaci. Jirgin bai zo ba.

A ƙarƙashin zanen da ya kafa da sanduna muka same su. Matar ta cika da safiyar ranar. Shi kuwa leɓɓansa sun tsattsage, faratansa sun kakkarye, jini ya bushe a yatsun. Na kafa masa bakin salka, ya yi kurɓi kaɗan ya ture.

"Na tona, ya akhi," in ji shi. "Ko'ina na tona. Ina ta ce mata na gaba zai yi daɗi."

Sannan ya roƙe ni sauran ruwan, ya yi mata wanka da kansa. Muka yi mata sallah mu uku, muka rufe ta a kan wani ɗan tudu nesa da gishiri. Ban taɓa kukan da na yi a wajen nan ba, ko ranar rasuwar mahaifina.

Bai koma ƙasarsu ba. Ya ce ba shi da bakin gaya wa danginta. A tashar jiragen ruwa ya ƙare, yana gyaran igiya.

Mutumin nan ba wawa ba ne, kuma ba mai taurin kai ba. Abin da ya raya iyayensa da kakanninsa ya dogara da shi, shi ya kashe masa mata. Tun daga ranar na san cewa sanin da ka taso da shi na ƙasarku ne kaɗai. In ka je baƙon wuri ɗan gari ya ce maka babu, to ka yarda babu.