Baffa Ilu Mai Raba Komai

Duk wadda ta san Baffa Ilu a cikinku ta san 'yar wuƙar nan tasa mai ƙotar ƙaho, wadda yawan wasawa ya mayar da ita siririya kamar tsinken tsire. Tunda an gama rabon sadakar arba'in, kun kuma matsa sai ni Hajo na ce wani abu don ni ce 'yar ƙanensa da ta fi kowa daɗewa a zaurensa, to da wuƙar zan fara. Ban taɓa ganin an miƙa wa bawan Allahn nan abu ya bar shi yadda yake ba. Ka ba shi goro, kafin ya ce an gode ya tsaga shi biyu, ya sake tsagawa, ya ɗaga ɓari ɗaya daidai hancinka.

"Wannan ɗaya ne cikin nawa?"

Gaisuwarsa ke nan. Fataken da ke ratsowa ta Gozaki sai da suka koyi zagayawa ta bayan masallaci, don kada su bi ta ƙofar zaurensa a tsare su da tambaya, kaya na kansu.

Sauran malamai sai mutum ya tara gemu suke buɗe masa ilimin rabon gado. Shi kuwa da masu majina yake farawa. Da an jingine alluna da hantsi, sai ya ce kowa ya zauna, saura hisabi. Rabi, sulusi wato ɗaya cikin uku, rubu'i ɗaya cikin huɗu, tumuni ɗaya cikin takwas, haka muke rerawa har makogwaro ya bushe.

Ni kaɗai ce mace a cikinsu, kuma da dalili. Babanmu ya shekara biyu yana fama da tari, ba shi da ɗa sai ni. Ƙanensu shi da Baffa Ilu kuwa, Baffa Tanko, in ya zo dubiya ya fi daɗewa a gindin rumbu da gindin gadon mara lafiya. Abin da ke cikin rumbun nan shi ne abincinmu ni da Inna in ta Allah ta kasance, ba mu da wani. Baffa Ilu ya lura da haka. Rannan ya yi sallama, Inna ta durƙusa, ya ce daga gobe a riƙa turo masa ni.

"Malam, yarinya mace mi za ta yi da hisabi?"

"An daina ba mata gado ne ban ji ba?"

Shi ke nan maganar. Washegari na tafi da 'yar tabarmata.

Ba sai na gaya muku rowar marigayi ba, Allah ya gafarta masa. In an kawo masa sadakar waina ran Juma'a, guda ɗaya zai ware ta karatu. Ran Asabar a yi rabi da ita, Lahadi rubu'i, Litinin tumuni. Kafin Talata ta yi taurin da ko kaza ta tsattsaga sai ta ja da baya tana girgiza kai. Sannan ne zai jiƙa ta a ruwa ya ci, ya ce albarkacin ilimi ya shige ta.

Sau ɗaya tak na ga ya ba yaro waina tana da ɗumi, shi ma don mugunta. Ɗanjuma mahauci ne, yana nan waje cikin maza da furfurarsa, in ya musa a kira shi. Lokacin shi ne babban mai haɗama a zauren. Baffa ya ɗora wainar a tafin hannu, tana ta ƙamshin mai.

"Ɗanjuma, zaɓi. Ɗaya cikin huɗu, ko ɗaya cikin takwas?"

Ɗanjuma ya haɗiye yawu, ya lissafa a yatsu, ya ga takwas ta ninka huɗu.

"Malam, babu wanda ya fi takwas?"

"Akwai mana! Akwai ɗaya cikin arba'in."

"Shi nake so!"

Wallahi Baffa ya zauna ya yi ta yanka, ya yi ta yanka, mu kuma muna ƙirgawa da ƙarfi, har aka kai arba'in. Ya ɗauko ɗaya a kan tsinin wuƙa, ƙwayar dawa ma ta fi shi, ya ɗora wa yaro a harshe. Ɗanjuma ya mamula baki, ya mamula, idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, ban ji komai ba."

"Haba! Duk arba'in ɗin nan?"

Har yau ku je rumfarsa ku ce ya yanka muku rubu'in cinya, ku ga ko hannunsa zai kuskure ko da faɗin farce ne.

Wadda ta fi shan wahalarsa ita ce matarsa, Gwaggo Ladi. Ɗan'uwanta ya kawo mata ƙwarya sabuwa fil daga Musawa, mai zane har baki. Ta ajiye ta tafi rijiya. Ta dawo ta tarar da ita kashi huɗu a gabanmu, Baffa na nuna mana da tsinke.

"Innalillahi! Malam, ƙwaryata!"

"Rubu'i nake so su gani da idonsu."

"To ni a mi zan dama fura?"

"Gyartai zai ɗinke. Sai su ga yadda rubu'i huɗu ke komawa ɗaya. Darasi biyu ke nan da ƙwarya guda, ai kin ci riba."

Aka kai wa mai ɗinki ya ɗinke. Ta dama fura ta kawo masa da gangan a cikinta, tana ɗiga ta ko'ina har gefen rigarsa. Ya leƙa ciki, ya dubi ƙasa, ya ce abin da ya zube bai kai tumuni ba, bai cancanci ɓacin rai ba. Daga ranar ta koma ɓoye faifai da ludayi a cikin tukunya. Ta ce ran da ta kama shi ya kalli akuyarta sau biyu, a daren akuyar ba ta kwana gidan ba, gidan iyayenta ta kai ta.

To, ana gama kaka a shekara ta biyu da shigata zauren, Baba ya rasu. Ban ma fara ɗaura zane a ƙirji ba. Abin da ya bari dami arba'in da takwas ne na dawa da gero, sai jaki ɗaya. Baffa Tanko ya yi ta jira har ranar da limamin gari ya tafi ta'aziyya Kafur, sannan ya ce yau ce ranar rabo. Aka fito da damman aka jibge a ƙofar gida, mai unguwa da dattawa suka zauna. Inna tana takaba, tana bayan zana. Ni ina raɓe a jikin danga.

Baffa Tanko ya gyara murya.

"Abin ai a fili yake. Kowa ya san namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Mu biyu maza, su biyu mata. Ni sha shida, Yaya Malam sha shida, uwa da 'ya takwas-takwas."

Mai unguwa ya gyaɗa kai, ya ce haka dai suke ji ana faɗa. Ya juya wajen Baffa Ilu.

"Malam, mi ka gani?"

"Ni mai ci ne a rabon nan. Bakina ba ya ciki."

Ya zaro carbi, ya rufe ido. Mutumin da ba ya iya ganin goro ya yi shiru, yau ga dami arba'in da takwas a gabansa ya zama kurma! Daga bayan zana na ji Inna tana cewa, "Allah ya saka da alheri." Godiya take yi, baiwar Allah.

Na sani sarai dami sha shida ba zai kai mu sabon gero ba, tun damina ba ta yi nisa ba za mu fara bin gidaje. Na sani kuma lissafin ba haka yake ba. Amma wace ce ni da zan buɗe baki gaban dattawa? Na dubi Baffa Ilu, ko gezau, yatsunsa kawai ke tafiya. Na ji haushinsa a ranar irin wanda ban taɓa jin na wani ba. Na ce a raina ashe har da shi, dami sha shida ya rufe masa baki. Samari har sun fara jan damman gefe.

Ban san lokacin da na zari kara daga danga ba. Na fito na durƙusa.

"Baba mai unguwa, a yi mini gafara. Ba haka ba ne."

"Ke! Koma ciki!" in ji Baffa Tanko.

Mai unguwa ya ɗaga masa hannu. Na karya karan biyu, na sake karyawa, na sake, ya zama takwas. Na jera su a ƙasa.

"Kashi biyu da kashi ɗaya na ɗa da 'ya ne, ko wa da ƙanwa. Baffa ba wana ba ne. Inna tana da tumuni tunda akwai ni, ga nata ɗaya. Ni 'ya ɗaya ce, ina da rabi, ga huɗu. Ukun da suka rage su ne na Baffanni. Kowane kara dami shida ne. Inna shida, ni ashirin da huɗu, su tara-tara."

Baffa Tanko ya miƙe tsaye.

"Yaya, kana ji! 'Yar nan dami bakwai ta rage maka!"

Baffa Ilu ya buɗe ido ɗaya, ya leƙo karan.

"Ta yi kuskure."

Na sake ƙirga karan.

"Na ukun nan ya fi sauran tsawo. Shekara biyu ina koya mata karya kara! Amma lissafin daidai ne."

Dattawa suka fashe da dariya, mai unguwa har da riƙe ciki. Aka raba yadda na faɗa. Kada ku zaci Baffa Ilu ya bar mana nasa, ina! Tara ɗinsa ya kwashe cif, har zangarniyar da ta faɗi ƙasa sai da ya tambaya daga wane dami ta fito.

Saura jaki. Da aka zo kansa, kowa ya dubi aljihun Baffa Ilu inda wuƙar take, Gwaggo Ladi daga cikin gida tana kiran a riƙe masa hannu. Sai ya ce ba a yanka jaki, kwanakinsa ake yankawa. A duk kwana takwas, Inna ɗaya, ni huɗu, shi da Baffa Tanko kwana ɗaya da rabi kowannensu. Rabin nan kuwa bai taɓa yafe shi ba. Ran canji zai kafa sanda a tsakar gida yana gadin inuwa, da rana ta raba tsaka sai ya saka takalmi ya bi jakin. Akwai ranar da ya cim ma Baffa Tanko a hanyar kasuwar Kafur, jaki na ɗauke da mangala biyu na barkono.

"Sauke."

"Yaya, a tsakiyar daji? Ga gari can ana hangowa!"

"Naka rabin ne ake hangowa a baya. Sauke."

Haka Baffa Tanko ya ƙarasa kasuwa da barkono a ka, yana atishawa. Shi kuma Baffa Ilu ba shi da abin da zai yi da jaki. Ya jawo shi gida ya ɗaure gindin ɗorawa, ya zuba masa harawa. In aka tambaye shi, sai ya ce nasa kason hutu yake yi.

Dami talatin ɗin nan sun kai mu kaka, har muka yi iri. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai kusan shekara arba'in, kunya ta hana ni tambaya. Sai bana, da ciwo ya kwantar da shi, ina ba shi kunu da ludayi, na ce:

"Baffa, ranar rabon nan. Da ban yi magana ba fa?"

Ya juyo ya dube ni.

"Da na yi. Ɗiyar ƙanena ce ke, Hajo, zan bari a cinye ki? Carbi ɗaya na ba ki. Na ce in ya ƙare ba ki tashi ba, ni zan tashi."

"Ashe na tashi a kan lokaci."

"Wa ya gaya miki? Ya ƙare kina nan kina kallona kamar tunkiya. Na ƙara miki rabi. Ya ƙare. Na ƙara rubu'i, na ƙara tumuni. Da kin ƙara jinkiri, sai dai in fasa ƙwayar carbi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa masa, ya kama hannuna. "Zufa har cikin wandona a ranar. Amma da ni na faɗa, sau ɗaya za a ba ki haƙƙinki. Ni tafiya zan yi, ke kuwa kina nan cikin mutane."

Kuka kawai na yi, na kuma nemi gafararsa a kan zaton da na yi masa.

Ya Allah, ga Baffa Ilu nan ya zo gare ka. Bai ci na marainiya ba, bai bari an ci ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci, ka haɗa shi da ƙanensa, babana, a inuwa ɗaya. Amin.