Matar da Ta Ɗaga Tabarma

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, 'yarki Siniva ta kira ni a waya ina tsakiyar kasuwar Apia, babban birnin ƙasarmu, ta ce Gwaggo Taulagi ta cika. Ta ce a rumfar masaƙa kike, ganyen saƙa a cinya, kin gama yi wa matan ƙungiya faɗa kan sun ɓata gefen tabarma, sai kika jingina da ginshiƙi kika yi shiru. Sun ɗauka fushi ne bai huce ba, har suka shiga ba ki haƙuri. Shekarunki tamanin da uku. A cikin jirgin ruwan da ya kai ni tsibirinmu na Savai'i na yi ta kuka ina dariya, har wata baiwar Allah ta matsa daga kusa da ni.

Ke kika riƙe ni tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata. Ba ki taɓa bambanta ni da ɗanki Ioelu ba, a gwaza ko a tsintsiya, domin in ɗayanmu ya yi laifi dukanmu muke shan duka, wai don kada wani ya ji an ware shi. A coci muryarki ta fi ta kowa ƙarfi kuma ta fi ta kowa kaucewa daga waƙa. Fasto uku suka zo suka tafi, ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa miki. Duk gidan da aka yi haihuwa ko rashi a ƙauyenmu, ke ce farkon shiga da ƙullin kifi, ke ce kuma ƙarshen fita, bayan kin gyara musu zaman tukwane yadda ba su roƙa ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan wani ne daban, kuma kin san shi.

Shekara goma sha tara ke nan da Falaniko, ɗan tsoho Sapolu na ƙauyen gaba, ya sari Ioelu da adda a kan iyakar gona. Bishiyar kwakwa ɗaya ce ta haɗa su. Mun binne shi a ƙofar gida, Falaniko yana hannun 'yan sanda, mu kuma samarin gida muna wasa addunanmu a bayan ɗaki. Ba na ɓoyewa, jini nake so, ko na wane ne a gidan Sapolu.

Kwana uku bayan nan, gari na wayewa, muka tarar da mutanen gidan Sapolu a fili. Sun zo ifoga, wato al'adarmu ta neman gafarar babban laifi. Tsoho Sapolu ya durƙusa a kan tsakuwa an lulluɓe shi da tabarmar alfarma, danginsa a baya kawuna a ƙasa, ga itace da duwatsu da ganyen ayaba sun jibge, kayan gasa alade, wato ga mu, ku yi yadda kuka ga dama da mu. Kowa ya san dokar. In ba a ɗaga tabarmar ba, nan za su zauna. In kuma wani daga gidanmu ya ɗaga, gaba ta mutu, ba mai sake taɓa ko kazarsu. Mazan gida muka yi shawara a bar su rana ta gasa su. Baffa, mai sarautar gida, ya ce ba ya cewa komai sai abin da uwar mamaci ta ce. Ke kuwa kwana uku ba ki ci ba, ba ki yi magana ba.

Rana ta take, ta karkata. Wani ɗan hadari ya taso ta wajen teku. Sai muka ga kin ƙanƙance ido, kin miƙe, kin fita ba takalmi. Kika sunkuya kika shafa gefen tabarmar.

"Kai, Sapolu! Ina ka samo tabarmar nan?"

Daga ƙarƙashi murya ta fito: "Ta auren ƙanwata ce, ranki ya daɗe."

"Ni na saƙa ta, ni! Shekara biyu ina kanta, idona ya kusa tafiya. Shi ne za ka shanya mini ita ruwa ya dake ta? Kai dai tun kana saurayi ba ka san darajar kaya ba."

Kika fizge ta, kika naɗe, kika sa a hammata. Tsohon nan ya ɗago kai, ya ga sama a buɗe, ya fashe da kuka. Kika dube shi, kika dube mu, kika ce, "To, tunda na ɗaga ai na ɗaga. Ku taso ku shigo. Pati, ajiye abin da ke bayanka ka kawo wa mutane ruwa." Ni ne Pati, adda ce a bayana.

Har kika koma ga Allah, duk wanda ya yabe ki kan wannan rana sai ki ce shi dai bai san wahalar saƙa ba, tabarmarki kika ceta. Amma ruwa bai sauka ba ranar nan, ko ɗigo. Ke kuma matar masunci ce, ban taɓa ganin kin yi kuskuren karanta hadari ba.

Na yi fushi da ke, Gwaggo, fushi mai tsawo. Kotu ta yi nata aikin, ta yanke wa Falaniko ɗauri mai nauyi, amma ni bai ishe ni ba. An riga an soke hukuncin kisa a ƙasar nan, sai na shiga cikin wasu mutane a Apia masu tara sa hannu don a maido da shi kan manyan laifuffuka. Ba mahaukata ba ne, yawancinsu sun binne nasu kamar yadda muka binne namu. Na kawo miki takardar da kaina, ina ganin sa hannun uwar Ioelu ya fi na mutum ɗari.

Kika karɓa kika shiga fifita da ita.

"In an ce a rataye shi, wa zai ja igiyar? Kai?"

Na ce gwamnati.

"Gwamnati tana da hannu ne? Ɗan wata zai ja, ya koma gida uwarsa ta zuba masa abinci ya kasa ci. Kai da ko kaza za ka yanka sai ka kau da kai, Pati, kai ne mai rataye mutum?"

Kika maido mini da takardar da tabon man kwakwa a tsakiyarta, ba sa hannu.

Kada mai karatu ya ɗauka abin bai dame ki ba. Kowace safiya kina share kabarin Ioelu kina ba shi labarin gari. Wata rana na same ki a can ido jajur, kika ce mini, "Kullum sai na sake yafe wa yaron nan, don yafiyar jiya ba ta kwana." Duk Kirsimeti kuma kina hawa jirgi da ƙullin gwaza da miyar kwakwa ki kai masa gidan yari, ki yi masa faɗa kan ya rame, ki yi wa masu gadi faɗa kan sun bar shi ya rame.

Bayan shekara goma sha biyar aka sake shi. Kafin ya je gidansu nan ya fara zuwa, ya tsaya nesa da kabari ya kasa ƙarasowa. Kika miƙa masa adda, gaban kowa, kika nuna masa gonar Ioelu da ta zama daji. "Hannu biyu ka raba ni da su, hannu biyu za ka maido mini." Shekara huɗu yana noma gonar nan. Da gwiwoyinki suka gaza, shi yake goya ki zuwa coci, kina bisa bayansa kina gaishe da mutane kina ce masa ya rage gudu, ba buhu ya ɗauko ba. Yana kiranki Inna. Ni kuwa in ya shigo ta gaba sai in fita ta baya. Shekara huɗu ban ce masa ko sannu ba, kuma kin sani, kina kallona kawai.

Da na iso gida ranar Laraba, Siniva ta ja ni gefe ta faɗa mini wasiyyarki. Kabarinki kusa da na Ioelu, kuma mutum biyu kaɗai za su haƙa, ni da Falaniko. Wai duk wanda ya taya mu, ba ki yafe ba. Kin san ƙasar ƙofar gidanmu baƙin dutse ce, wadda samari goma suke wuni a kanta.

Da safe na fito na tarar Falaniko ya riga ya fara. Gashinsa ya yi fari, ban lura ba sai ranar. Na tsaya a bakin ramin da sandar ƙarfe a hannuna, shi yana ciki ya ba ni baya, ya san ina tsaye, bai juyo ba. Na daɗe a haka. Yana ta dukan dutse ɗaya a wurin da ba zai taɓa fashewa ba, har abin ya ishe ni.

Na ce, "Matsa, malam. Shekara goma sha biyar a ɗaure, ba su koya maka fasa dutse ba?"

Ya ce, "Kabeji suka sa ni nomawa, Yaya."

Na yi ƙoƙarin riƙe dariyar, ta ƙi. Na diro cikin ramin. Kwana biyu muka yi a ciki, ɗaya na ɗaga dutse ɗaya na tura shi, gora ɗaya muke shan ruwa. Ban ce na warware maganar hukuncin kisa a raina ba, akwai laifin da har yau in na ji labarinsa jikina yakan yi zafi. Amma na san da takardata ta yi nasara tun farko, da ni kaɗai zan haƙa ramin nan, kuma da ba ki sami mai goya ki zuwa coci ba.

Ubangiji ya karɓe ki da irin jinƙan da kika nuna, ya yafe miki kurakuranki, ya haɗa ki da Ioelu cikin hutawa, ya ba mawaƙan sama haƙurin zama da muryarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Siniva da 'ya'yanta, ga matan rumfar masaƙa, ga jama'ar cocinmu da ƙauyukan nan biyu. Ina kuma miƙa ta ga Falaniko, wanda shi ma ya yi rashin uwa. Allah ya ba mu haƙuri, ɗan'uwa.