Fuskar Inna a Bayan Mota

Shekarar da gero ya bushe a tsaye karo na biyu, yayana ya haƙa ramin gawayi a bayan dangarmu a Tsamaye. Ba wanda ya ga laifinsa, rumbunmu ko ɓera ya daina leƙawa. Ya sare kirya, ya sare gawo, ya cinna wuta ya binne. Hayaƙin ba ya tashi sama, kwanciya yake yi, ya ratso danga ya shige ɗakin Inna. Sai ta yi ta tari har ta dafa bango.

Sau uku ina yi masa magana. A na ukun ya ce, "Hayaƙi ko yunwa, zaɓa muna guda." Tuwon da nake ci kuwa daga ramin nan yake fitowa.

Sana'ata zanen motoci ce a tashar Sabon Birni: zaki, dawisu, jirgin sama, duk abin da direba ke so. Wani mai kai kaya Nijar ya ce in zana abin da na ga dama a bayan motarsa. Zuciya ta ɗebe ni. Na zana itatuwa a kwance, rami yana aman hayaƙi, da wata tsohuwa riƙe da ƙirji. Wallahi wata tsohuwa nake nufi, ba kowa ba. To amma mu nan fuskar da ba tsaga ba ta cika fuska ba, sai na ja mata tsagar Gobirawa. Ashe hannuna fuska ɗaya ya haddace. Inna tana da tsaga guda a kuncin hagu wadda ta karkace, an ce motsi ta yi a hannun wanzami tana jaririya. Har ita na ja, ban lura ba.

Ranar kasuwar Bafarawa motar ta tsaya daf da masu gawayi. Kafin azahar kowa ya gane ta. Mata suna nuni suna cewa, "Wagga ai uwar mai gawayi ta." Yayana yana tsaye a wurin da buhunansa.

Da la'asar ya shigo gida, gatari a kafaɗa. Na miƙe ban shirya ba.

"Kai, mi niy yi maka? Uwarmu ka kai kasuwa ana kallo?"

Inna ta fito ta shiga tsakaninmu. Ni ta fuskanta, ba shi ba. "Gobe ka tai ka shahe zanen nan. Ban haihe shi don in kai ƙaratai kasuwa ba." Za ta ƙara magana tarin ya sarƙe ta. Ta durƙusa, idanunta suka firfito, hannu a ƙirji, daidai yadda na zana. Muka tsaya a kanta, ba mai kallon ɗan'uwansa. Da numfashi ya dawo mata, yayana ya jingine gatarin ya fita.

Washegari na shafe fuskar da baƙin fenti. Shi kuma ya cike ramin, ya haƙa wani can bayan fadama. Wurin da nisa, dole ya tare a bakinsa kwana da kwanaki yana gadin wuta, yana shaƙar hayaƙin shi kaɗai.

Tarin Inna ya lafa, ta ga damuna da yawa bayan nan. Na samu abin da nake so, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba. Tarin wurin yayana ya koma. Har ya bar duniya, in ina cin tuwo na jiyo shi ta bayan danga, sai in ajiye lomar.