Liƙin Yaya a Cikin Coci

A gidanmu na Zariya makaɗi ba ya wuce zaure. In ana suna ko biki sai su tsaya a waje su yi abinsu, Baba ya aika musu da tuwo, ya fito ya manna musu kuɗi a goshi, su yi godiya su tafi. Ba wulaƙanci ba ne, haka dai tsarin gidan yake. Na fara da wannan ne don a gane irin ruwan da na ɓallo wa kaina ranar da na fara koyon goge, ga furfura ta soma fito min.

Kafin goge ma akwai wata a ƙasa. Shekara shida ke nan ina bin tafarkin Buddha, kuma yayata ta sani. Ranar da na gaya mata ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata ba. Daga baya ta kira ta ce addu'a take yi min kuma ba za ta fasa ba, in ci gaba da zuwa cin abincin Lahadi a gidanta na Laurel, amma kada ta ƙara jin maganar a bakina. Na yarda da sauri. Ita ta goya ni, ita ta kawo ni ƙasar Turawan nan, ban da ita ba ni da kowa.

Wata tsohuwar Baturiya da muke zaman shiru na mabiya Buddha tare a Alexandria ce ta ja ni ga goge. Gogen Turawan dā take koyarwa, mai tsirkiya shida ta hanjin tunkiya, wanda ake matsewa tsakanin ƙafafu. Watannin farko kukan da yake yi a hannuna kamar ƙyauren da bai taɓa ganin mai ba, har maƙwabcina na sama ya riƙa buga min ƙasa da tsintsiya. Amma waƙoƙin sun kama ni, tsofaffin waƙoƙin coci na ɗaruruwan shekaru. Ban yi imani da abin da suke faɗa ba, yawanci ma ban san me suke faɗa ba. Abin da nake so shi ne yadda murya ɗaya ke shiga, ta biyu ta jira ta bi bayanta, kowa yana sauraron ɗan'uwansa, kai kuma kana ƙirga numfashi har lokacinka ya zo. Irin zaman da na saba ne, sai dai wannan da sauti.

Wata ƙawar Yaya 'yar Kumasi, mai kula da tsofaffi, ita ta ga hotona a allon sanarwar wani coci da za mu yi wasa a cikinsa, ta ɗauka ta tura mata. Sai ga wayar Yaya. Kai, mutanenmu da ido!

"Auta, kai ne wannan da goge tsakanin ƙafafu?"

"Ni ne, Yaya."

"A coci?"

"Aron ɗakin kawai muke yi, saboda sauti ya fi fita."

"Ka bar namu addinin, na haɗiye. Yanzu kuma kiɗa? Ɗan Baba da kiɗa? Zan zo in gani da idona. In makaɗi ka zama, ka san inda makaɗa ke tsayawa a gidanmu."

Na sani sarai. Kwana tara na yi abinci ba ya min daɗi. Na zauna zaman shiru in kwantar da hankalina, ina! Fuskarta kawai nake gani.

Ranar Asabar ce da rana, ga zafi, ga gumi irin na garin nan mai manne wa mutum riga a baya. Tsirkiyar hanji ba ta son laima, sai saki take yi, ina ɗaurewa tana saki. Ta ƙofar gefe na hango Yaya ta tsaya a bakin shiga tana kallon ƙafafun mutane, tana son ta ga ko ana cire takalmi. Ba ta taɓa shiga coci ba a rayuwarta. Ta gyara mayafi, ta zauna a bencin ƙarshe dab da ƙofa, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

Mu shida ne, masu goge uku, masu waƙa uku. Malamarmu ta tashi ta roƙi jama'a kada a yi tafi bayan waƙar ƙarshe, don ta makoki ce, a bar shiru ya zauna har sai ta sauke hannunta. Wannan shirun na fi so a duk abin da muke yi. Ranar kuwa tsoronsa nake ji.

A waƙa ta biyu na shiga kafin lokacina, malama ta harare ni ta saman tabarau. Duk sanda na ɗaga ido Yaya na nan ba ta motsa ba, fuskarta a ɗaure kamar ranar da aka kawo mata sakamakon jarrabawata na aji uku. Muka kai ta ƙarshe. Ban san yadda aka yi ba, na manta da ita na ɗan lokaci, na bi muryoyin nan suna saukowa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Muka tsayar da hannuwa a sama. Ɗakin ya yi tsit.

Sai benci ya yi ƙara a baya.

Na ce shi ke nan, ta tafi. Amma takun yana matsowa ne, ƙwas, ƙwas, a kan dutsen daɓe. Mutane suka juya. Malama ta zaro ido, hannunta har yanzu a sama. Yaya ta hau matakalar nan biyu, ta buɗe jaka, ta zaro dala ɗaya ta manna min a goshi. Saboda gumi ta zauna daram. Ta juya ta fita, ba ta kalli kowa ba.

Turawa suka ɗauka wani abin girmamawa ne na ƙasarmu, suka ɓarke da tafi, wasu har da dariyar jin daɗi. Ni kaɗai na san abin da aka yi min. Haka Baba ke sallamar makaɗa. Wallahi haka na tsaya a gaban jama'a da takardar a goshi, ban ko cire ta ba.

Na same ta a wajen ajiye motoci tana neman makulli a jaka, ta daɗe tana nema alhali yana hannunta.

"Yaya, gobe in zo?"

"Waƙar nan ta ƙarshe, ta mutuwa ce ko?"

"E."

"Na ji a jikina." Ta goge ido da bakin mayafi, cikin fushi, kamar idon ne ya yi mata laifi. "Baba bai taɓa barin makaɗi ya tashi hannu banza ba. Ni ma ba zan fara a kanka ba."

"To a ƙofa zan tsaya?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Goge ya tsaya a ƙofa. Kai ka shigo ka ci abinci, ji yadda ka rame."

Darasina na ranar Lahadi ne da safe, daga can nake wucewa Laurel, kuma zafin mota yana lalata goge. Don haka nake jingine shi a bakin ƙofarta daga ciki, wajen takalma. Haka muka yi har sanyi ya shigo. Wata Lahadi na fito zan tafi ban gan shi wajen takalman ba, na shiga dube-dube. Yana falo a bayan kujera, an lulluɓe shi da tsohon zanenta.

Daga kicin ta ɗaga murya. "Iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofar nan. Ba kai ka ce tsirkiyar ba ta son sanyi ba?"