Hannun Da Yaya Barira Ta Janye

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Barira, wadda mutanen unguwarmu ta Birni a nan Damagaram suka sani da Barira mai alkaki. Allah ya jiƙanta, ya sa can ta fi mata nan. Na so a ce wannan rubutu na yabo ne kawai, irin wanda ake yi wa mamaci a shafa fatiha a tashi. To amma akwai abin da ya tokare mini ƙirji tun ranar da aka ɗauke ta, ga shi kuma ƙarfina ya soma tafiya. Tsawon waɗannan shekaru, ɗanta na fari, Laminu, bai sake taka garin nan ba. Ya sa wa ransa cewa uwar da ta haife shi ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Ni kaɗai na rage a duniya da na san ba haka ba ne, ni ɗin ma ya ƙi yarda da ni.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A zamaninmu mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Ana yaye shi sai a miƙa shi ga kaka ko wata 'yar'uwa ta riƙe. Mata da yawa sukan yi abin sama-sama, suna tsufa suna sassautawa. Yaya kuwa duk abin da ta kama sai ta kai shi maƙura. Ko alkakinta ma haka yake, in bai yi yadda take so ba gara ta raba wa yaran unguwa da ta ɗora shi a kan tire.

Da aka yaye Laminu ni aka ba, lokacin ina sabuwar amarya, na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Katanga ɗaya ce ta raba gidan mijina da nasu. Yaro ya tashi yana kirana Inna, ita kuma yana ce mata Yaya kamar yadda ya ji a bakina. Ita ko, har ta koma ga Ubangijinta ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce baƙon Rabi. Ni ce Rabin. Nakan zolaye ta in ce wannan baƙo dai ya ƙi tafiya, har ya yi gemu a gidan mutane. Sai ta harare ni ta ci gaba da murza ƙullinta.

Abin da Laminu ya gani da idonsa ba zan musa ba. Ya ga tana yi wa ƙannensa wanka tana musu waƙa. Ya ga autansu a kan cinyarta har yaron ya yi wayo. Shi kuwa in ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa a taƙaice tana kallon murhu. Wata rana yana ƙarami ya tambaye ni laifin da ya yi wa Yaya. Na gaya masa kunya ce, in ya girma zai gane. Ya girma, ya gane da ƙwaƙwalwa, amma zuciyarsa ba ta taɓa karɓa ba.

Ni kuma ga abin da na gani. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san yadda ruwa ke zama kamar zinariya. A irin wannan lokaci Yaya kan je layin famfo da sanyin safiya, kuma tulun farko gidana take kawo shi kafin ta kai na gidanta. Wai a cewarta gidan Madam, wato ni malamar makaranta, babu mai ɗibar ruwa. Ƙarya take, Allah ya yafe mata. So take yaron ya yi wanka kafin ya tafi lakwal, kada a ce ɗan wance ya zo da ƙafa fururu.

Shekarar da ƙyanda ta kama shi, dangi suka yi ta shigowa dubiya har daga Mirriya. Yaya ba ta leƙo ɗakin ba. Mata suka yi ta tsegumi, wasu na yabon kunyarta, wasu na cewa abin ya yi yawa. Rannan da tsakar rana na zagaya bayan gida zubar da ruwan wanke-wanke, sai na tarar da ita zaune a kan dutsen da ke ƙarƙashin tagar ɗakin, rana na dukanta. Tiren alkaki na gefe, awaki sun cinye rabi, ba ta ma sani ba. Ashe kullum nan take wuni tana sauraren numfashinsa. Da ta gan ni sai ta yi zumbur ta miƙe, ta tambaye ni ko zazzaɓi ya sauka a gidan nan. A gidan nan fa ta ce, ba ta ce a jikinsa ba. Sannan ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa kowa na gan ta.

Haka ranar da aka karanta sunayen waɗanda suka ci jarrabawar sartifika ta gama firamare a rediyo. Ana faɗin nasa, maƙwabta suka cika gidanta da guɗa. Ta ce Allah ya sa alheri, ta shige madafa. Na bi ta na same ta tana hura wutar da tuni take ci bal-bal, hawaye na zuba. Ta ce hayaƙi ne. Na ce lallai hayaƙin nan ya iya zaɓen rana.

Ba sau ɗaya ba na yi faɗa da ita a kan wannan. Na ce mata zamani riga ne, yaron nan ya yi boko, ya tafi Yamai, ya auri mace mai kiran 'ya'yanta da sunansu, ta ɗan saki fuska ko kaɗan ne. Amsarta guda ce kullum: so a ciki yake, ba alkaki ba ne da za a ɗora shi a tire a bi gari. Daga baya na fahimci har da tsoro a ciki. Ta tashi da imanin cewa abin da ka nuna wa duniya kana so, shi bakin mutane ke fara kamawa. A ganinta, kau da kan nan tsari ne take yi masa.

Sai ciwon ajali ya zo. Da muka dawo da ita daga gidan likita ba tare da wani sauƙi ba, na aika wa Laminu. Bai yi jinkiri ba, ya bar aikinsa ya kamo hanya. Ya iso bayan la'asar, ɗakin cike da mata 'yan dubiya. Ya ratsa su, ya durƙusa a bakin gado, ya kama hannunta. A iya sanina, tun da aka yaye shi wannan ne karon farko da fatarsa ta taɓa tata. Ina tsaye ina kallo. Ta buɗe ido ta gan shi, ta dubi matan da ke zaune, sai ta zare hannunta a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango.

Ya ce, «Yaya, ko yau?»

Ta ci gaba da fuskantar bango. Wata tsohuwa daga gefe har da yaba ta, wai Barira 'yar halak ce, ko a kan gadon ciwo ba ta yar da kunya ba. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona mini rai irin wannan ba. Ana cikin haka autansu ya shigo, Yaya ta ji muryarsa, ta miƙo hannun nan da ta janye ta dafa masa kai. Laminu ya miƙe ya fita. Na bi shi har zaure ina magiya. Gari na wayewa ya nufi tasha.

Da hantsi, bayan ɗakin ya yi sauƙin mutane, ta yafito ni. Na kai kunnena kusa da bakinta. Ta ce, «Baƙon naki ya ci abinci kuwa?» Na ce ya ci. Ban iya gaya mata cewa a lokacin motarsu ta wuce garin Tirmini a hanyar Yamai ba. Bayan 'yan kwanaki ta cika. Laminu ya aiko da buhunan shinkafa na sadaka, ya kira kowa a waya ya yi gaisuwa, amma bai zo ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ita fuskar ta rufe, da me yaron zai tambaya?

Nakan zauna in yi tunanin abin da Yaya za ta ce in da ta leƙo ta ga yau. 'Yan matan da na koyar kafin in ajiye alli, yanzu jikokinsu ne ke haihuwa. Yarinya ta haifi ɗan fari, tun ba a yi suna ba hotonsa ya zagaye gari a salula, tana rungume da shi tana kiransa masoyina a gaban surukai. Na san Yaya za ta tafa hannu ta yi salati, ta ce duniya ta zo ƙarshe. Ni ma wani lokaci abin yakan ba ni kunya. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ban san wanda ya fi gaskiya ba. Na dai san waɗannan yaran ba za su kai shekara hamsin suna tambayar ko uwarsu ta so su ba. Kuma na san a cikin waɗannan iyayen na zamani, da wuya a sami wadda za ta wuni a kan dutse cikin rana ba tare da ta so kowa ya gani ba.

Duk labaran nan na ba Laminu, na ruwa, na dutse, na hayaƙi, na karya alkawarin da na yi mata. Yakan saurara da ladabi, don yaro ne mai biyayya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. In na gama sai ya ce shi ni ya sani a matsayin uwa, kada in ƙera masa wata don tausayi. Gani ya kori ji. Shi ya ga bayan da aka juya masa, ni kuma baki kawai nake da shi.

Bara waccan da muke gyaran ɗakinta don a sa wani jika a ciki, na buɗe wata tsohuwar kwalla da ke ƙarƙashin gado. A ƙasanta na sami majanyi ɗan saƙi, a ninke, yana ƙamshin turaren wuta. Ina gani na shaida shi, don mahaifiyarmu ce ta saya mata a kasuwar Mirriya lokacin haihuwar fari. Da shi ta goya Laminu har aka yaye shi, kuma ba ta goya ko ɗaya daga cikin ƙannensa da shi ba. Na ce to, yau na sami shaida.

A damanar da ta wuce Allah ya ba matar Laminu haihuwar da ba a yi zato ba, mace. Duk da ciwon gwiwa na shiga mota zuwa Yamai, majanyin na cikin jakata. Niyyata biyu: ya riƙe shi a hannunsa, kuma a sa wa jaririyar sunan Barira. Ana gobe suna na kira shi gefe, na warware majanyin na gaya masa inda na same shi. Ya karɓa, ya daɗe yana juya shi. Har na soma hamdala a zuci. Sai ya ninke shi da kyau, ya mayar mini a kan cinya.

Ya ce, «Inna, tsumma ta iya riƙewa shekara arba'in. Hannuna ne ta kasa riƙewa.»

Ni da na yi rayuwata ina ba yara amsa a gaban allo, ranar ban sami ko guda ba. Aka wayi gari aka raɗa wa yarinya wani suna daban. Da ana cikin hidima na ambaci Yaya Barira a hira, sai ɗiyarsa ta tsakiya, budurwa da ita, ta juyo ta tambaye ni ko wata ƙawata ce. A nan na gane cewa a gidan nan ba a taɓa faɗin sunanta ba. Jikokinta ni suka sani a matsayin kaka.

Ban ga laifin Laminu ba, don yunwar da ya tashi da ita gaskiya ce. Ban kuma iya ganin laifin Yaya ba, don abin da aka koya mata a matsayin mutunci shi ta riƙe har kabari. Abin da ke cina shi ne mutum biyu sun so juna, katanga ɗaya tsakaninsu, amma ɗaya ta mutu ɗaya na tsufa, saƙon bai isa ba.

Me ya rage na Barira mai alkaki? Tirenta ya yi tsatsa. Matan da suka yabi kunyarta duk sun bi ta. Dutsen yana nan a bayan gida, yara na zamiya a kansa. Majanyin kuma na dawo da shi, yana ƙasan kwallata. Nakan yi addu'a Allah ya karkato da zuciyar yaron nan ya zo ya tsaya a kan kabarinta tun ina da rai, amma a gaskiya na daina sauraren sallamarsa a zaure.

Yaya, baƙon nawa yana cin abinci, yana cikin rufin asiri, har furfura ta fito masa. Saƙonki ne dai na kasa isarwa. Ranar da na biyo ki, wata za ta buɗe kwallata ta ga tsohon tsumma, ta ɗauka ta sauke tukunya da shi.